Darasin Littafin Jiki Magayi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake na Wurno da Rabah da Goronyo, ga wani littafi da ya cancanci ku duba, shi ne Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda aka buga a Zariya bayan gasar rubutun Hausa ta 1933.

Labarin wani attajiri ne, Malam Shehu, wanda ba ya da ɗa, ya sa dukiyarsa ya raba Zainabu da saurayinta Abubakar, ya aure ta. Abubakar ya shiga duniya neman ramuwa, har ya samo asirin da ya lalata ɗan da suka haifa, Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ƙarshe ya kashe mahaifinsa bai sani ba.

To, mai karatu, kada gaggawa ta sa ka aza laifi duka a kan Kyauta. Koma baya ka lissafa hannuwan da suka haƙa ramin: attajirin da ya sayi aure, iyayen da kwaɗayi ya rufe wa ido, da wanda ya sayar da asiri don cutar jinjiri. Yaron ya biya bashin da aka ci tun kafin haihuwarsa.

Attajiri ya sani zuciya ba haja ba ce. Malami kuma ya dubi abin da alƙalaminsa ke rubutawa. Allah ya tsare mu da zalunci, amin. Haza wassalam.