Takardun ƙidayar Ayilan da masu neman asalin kakanninsu

Miliyoyin mutane a Amurka da Ostireliya da Kanada da Ingila suna danganta asalinsu da tsibirin Ayilan, akasarinsu jikokin waɗanda yunwa da talauci suka kora. Yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta lalata dankalin turawa, ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu kamar haka kuma suka yi ƙaura. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 8 a 1841 ba ta kai miliyan 4 da rabi ba a 1911. Yau duk wanda ke neman asalinsa a can, wurin da ya fi dacewa ya fara shi ne takardun ƙidayar 1901 da 1911, waɗanda ma'ajiyar tarihin ƙasar ta ɗora a intanet kyauta. Amma amfaninsu ya dogara ga mai karatu ya gane cewa abin da ke ciki maganar maigida ce ga hukuma, da gaskiyarta da ƙarin gishirinta.

Waɗannan biyun ne kaɗai suka tsira cikakku daga zamanin mulkin Birtaniya. Na 1861 da 1871 hukuma ce da kanta ta lalata su, na 1881 da 1891 an niƙe su lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'annan na 1821 zuwa 1851 suka ƙone, in ban da 'yan guntaye, a watan Yunin 1922, lokacin da wuta ta cinye gidan adana takardu na Dublin a farkon yaƙin basasa.

Abin da ya rage kuwa yana da armashi. Mai bincike zai ga hoton takardar da maigida ya cika da hannunsa: sunan kowa da ya kwana a gidan a daren ƙidaya, shekarunsa, addininsa, sana'arsa, gundumar da aka haife shi, ko yana karatu da rubutu, ko yana jin harshen ƙasar na gargajiya. Wanda bai iya rubutu ba, alamar X ya yi, ɗan sandan da ke karɓar takardu ya sa hannu a matsayin shaida. Wata takarda ta daban tana faɗin ko rufin gidan na ciyawa ne, ɗaki nawa, taga nawa ke gaba. A 1911 an ƙara tambayar matan aure shekara nawa da aurensu, 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ke raye, kuma wannan layin kaɗai kan fallasa yaran da suka rasu iyali suka manta da su.

Masu shakka suna cewa takardun cike suke da ƙarya, kuma suna da hujja. Tsofaffi da yawa sun ƙara shekara goma sha biyar ko ashirin tsakanin 1901 da 1911. Dalili a fili yake: dokar 1908 ta kawo fansho ga wanda ya kai 70, rajistar haihuwa kuwa sai 1864 aka fara ta, don haka da wuya a ƙaryata tsoho. Sai dai wannan aibin ya haifar da wani alheri. Jami'an fansho sun riƙa duba ƙidayar 1841 da 1851 don tantance masu nema, takardun wannan dubawa kuma sun tsira, ɗauke da sunayen iyaye da ƙauyuka daga littattafan da suka zama toka. A ganina, mai hankali ya ɗauki shekarun a matsayin ƙiyasi, ya dogara ga sunayen 'yan gida da wurin zama, waɗanda ba wanda ke da riba in ya sauya su.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: kakan mutum ya bar ƙasar tun 1850, me ƙidayar 1901 za ta gaya masa? Kai-tsaye, ba komai. Amma da wuya gida ya tashi dukansa. Dattijon da ke da shekara 65 a 1901 an haife shi kafin yunwar, mai yiwuwa ƙanin wanda ya tafi ne, yana noma gonar gado. Daga nan sai a koma kundin kimanta filaye na Griffith, wanda aka yi tsakanin 1847 da 1864, da rajistocin baftisma na cocin Katolika da babban ɗakin karatun ƙasar ya ɗora a intanet a 2015. Sharaɗin dai shi ne sanin ƙauye. Ƙasar ta kasu zuwa ƙananan yankunan karkara sama da 60,000, kuma wanda ya shiga da suna irin Murphy ko Kelly kawai, kamar mai cigiyar Musa ne a kasuwar Kurmi. Sunan ƙauyen kuwa galibi ba a Ayilan ake samo shi ba, sai a tsohuwar wasiƙa, ko dutsen kabari a Boston, ko bakin wata gwaggo da ta tsufa.