Daga Kano Zuwa Bakin Teku: Gargaɗi Ga Ma'aurata Masu Tafiyar Hutu A Mota

Da zarar an ba yara dogon hutu a ƙarshen Yuli, sai ka ji wasu ma'aurata sun kai su gidan kakanni, sun cika tanki, sun nufi kudu su biyu rak. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Daga nan sai a bi gaɓar teku ta Badagiri da Kwatano da Lome har Akra, wadda mutanenmu na can ke kira Ankara, wata tafiyar da ba ta kai kilomita 500 ba. Abu ne mai kyau. Fataken goro sun yi watanni a hanyar Gwanja da jakuna, yau ga shi miji da mata za su tsallake ƙasashe huɗu cikin mako guda.

Sai dai wannan hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, kuma duk inda matafiyi ya juya ruwa ne ke jiransa: wanda ke zuba daga sama, wanda ke ratsa titi, da kuma na teku, wanda yawancinmu ba mu taɓa gani ba sai a talabijin.

Kafin a tayar da mota

A kai mota wurin bakanike mako guda kafin tafiya. In aka bari sai daren tashi, gyaran gaggawa za a yi. A duba birki, waifa, fitilu, lagireto da fanbel, a tabbatar safaya tana da iska kuma jak yana aiki. Sannan a sunkuya a karanta gefen taya. Akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: in ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya. Tayar da zanenta ya cinye ba ta iya korar ruwa daga ƙarƙashinta, sai motar ta hau kan ruwan tana sulɓi, sitiyari ya daina jin maganar direba.

Takardu ma su kammala tun daga gida. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasa izinin shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90, amma sai da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar. Za a nemi katin allurar shawara, wato yalo kad. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka kada a bari sai a bakin iyaka. Mota kuma tana bukatar takardun mallaka na asali, lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, da izinin shigar da mota na ɗan lokaci da kwastan ke bayarwa. Masu fitowa daga Nijar su tuntuɓi ofishin shige da fice kafin su tashi, domin ƙasar ta fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025.

A kan hanya

Manyan hanyoyi biyu da ake bi zuwa Legas duk sun san ambaliya. A watan Oktoban 2022 ruwa ya shanye titin Abuja zuwa Lakwaja a wajajen Kwatan Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. A ƙarshen Mayun 2025 kuma ambaliya ta afka wa garin Makwa da ke kan hanyar Jabba, ta hallaka mutum fiye da 150. Saboda haka kafin a zaɓi hanya a leƙa tasha a tambayi direbobin da suka dawo jiya. Su ne suka san inda gada ta karye da inda ba a bi saboda matsalar tsaro. Taswirar waya ba ta san wannan ba.

In kun tarar da ruwa yana gudu a kan titi, ku tsaya. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 kuwa yana iya ɗaukar ƙaramar mota. Ganin tirela ta wuce ba dalili ba ne, ƙarfinku ba ɗaya ba. Haka in ruwan sama ya yi ƙarfi har waifa ta kasa, a gangara nesa da titi a jira ya tsagaita.

A tashi bayan asuba, a sauka kafin magariba. Tafiyar dare a dajin kudu, ga manyan motoci da suka lalace a tsakiyar titi ba fitila sai ganyen da aka zube a baya, kasada ce da ba ta da riba. Dokar Nijeriya ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a titi mai tagwaye. In an yi haɗari a cikin Nijeriya, lambar kiran jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122.

Uwargida, a nan aikinki yake. Direba ba ya sanin lokacin da gyangyaɗi ya kama shi, na kusa da shi ne ke gani. In kika ga yana yawan hamma, ko motar ta fara karkata, ki ce, "Maigida, mu tsaya mu sha shayi." Kai kuma maigida, kada ka ɗauki wannan raini. Ki riƙe kwafin takardu da wani kaso na kuɗin a jakarki, ki san inda za a kwana, ki riƙa sanar da gida duk garin da kuka sauka.

A bakin iyaka

Iyaka uku za ku tsallake: Seme tsakanin Nijeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo a shiga Gana. Kuna tsayawa 'yan kamasho za su yanyame mota, kowa na cewa a ba shi fasfo ya gama komai cikin minti biyar. Kada fasfonku ya bar hannunku sai zuwa hannun jami'i a bakin tagarsa, kuma duk kuɗin da aka biya a nemi rasit. A duba an buga hatimin shiga da na fita, domin rashin ɗaya kan jawo wahala a dawowa. Sefa ake kashewa a Benin da Togo, sidi a Gana. Agogon Togo da Gana yana bayan na Nijeriya da awa ɗaya, sai a gyara saboda lokutan salla.

In kun rasa inda za ku ci abinci da natsuwa, ku tambayi zango. Da wuya babban gari a wannan gaɓa ya rasa unguwar Hausawa da masallacinta. A Gana za ku tarar da koko da ƙosai da safe, da shinkafa da wake da suke kira wace, da tuwon zafi. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya fara da kaɗan, domin wasu jikinsu ba ya karɓa. In leɓe ya kumbura ko numfashi ya fara sarƙewa, asibiti za a nufa nan take.

Teku ba kogi ba ne

Wata la'asar a Grand-Popo, kusa da iyakar Benin da Togo, na ga wani ɗan'uwanmu ya naɗe ƙafar wando, ya miƙa wa matarsa takalmi, ya ce ta ɗauke shi hoto. Ya duba dama da hagu igiyoyin ruwa na fashewa da fari, sai ya zaɓi wani wuri a tsakiya da ruwan ya yi lumui, ya ɗan fi duhu. Wani masunci da ke ɗinkin koma a gindin kwakwa ya zabura yana ɗaga hannu yana ihu da yarensu. Mutuminmu ya yi dariya ya ce shi a kogi ya girma. Matar ce ta ce, "Don Allah maigida ka dawo, mutumin nan ya fi mu sanin wurin." Yana juyowa igiya ta doke shi ta baya, yashi ya zare a ƙarƙashin ƙafarsa, ya faɗi zaune. Masuncin ne ya fizgo shi ta wuyan riga.

Wurin da ya zaɓa shi ne mafi haɗari. Ruwan da igiyoyi ke turowa gaɓa sai ya koma, kuma yakan taru ne ya koma ta wata siririyar hanya da ƙarfin da ko gwanin ninkaya ba ya iya ja da shi. Saman hanyar nan yakan yi shiru kamar tafki, shi ya sa yake yaudarar baƙo. Gaɓar Legas zuwa Gana ta shahara da wannan, ga gangara mai zurfi kusa da baki, kuma tekun ya fi fushi a watannin damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka nutse a duniya a shekarar 2021.

Wanda bai iya ruwa ba kada ya bari ruwan ya wuce idon sawunsa, kuma kada ya ba teku baya don hoto. Doguwar riga da hijabi da babbar riga in suka jiƙe nauyi suke yi su nannaɗe ƙafa. Wanda ya iya ruwa in ya ji ana jan sa ciki, kada ya yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye. Ya kwanta a saman ruwa, ya ɗaga hannu, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga hanyar. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa ceto, sau da yawa haka ake rasa mutum biyu. Ya kira masunta, ya jefa jarka ko igiya. In za a shiga kwalekwale zuwa Ganbiye, garin nan da aka gina a kan tafki kusa da Kwatano, a nemi rigar kariya kafin a biya kuɗi.

Ku je ku ga Ƙofar Ba Dawowa a Wida, inda aka riƙa loda bayi a jirage. A Gana ku ga ganuwar Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Ku sha ruwan kwakwa, ku ɗauki hotuna. Amma a kowane gari ku fara tambayar ɗan gari, domin baƙo ko da idonsa makaho ne. Yaran da kuka bari gidan kakanni suna jiran tsaraba, sun kuma fi jiran ku da kanku. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.