Amarya, Me Ke Cikin Sitonki?

 Hirar tamu ta wannan fitowa a kan tattalin gida ce, don haka ki gyara zama, in da hali ma ki jawo biro da takarda.

Duk wadda ta saba zuwa ganin ɗakin amarya a garin nan namu na Kano ta san yadda abin yake. Za a nuna maki gado da madubi, a buɗe maki kabet ki ga jeren tangaran da kuloli, kicin kuwa sai ɗaukar ido yake, mata na ta sa albarka. To amma ki koma gidan bayan wata uku ko huɗu, lokacin da garar da iyaye suka kai ta ƙare, a nan ne za ki gane ko an koya wa yarinyar nan riƙon gida. Wata in ta ga buhun shinkafa a jingine sai ta ɗauka rijiya ce, ƙawaye su zo yini a dafa taliya leda huɗu, a ci ɗaya da rabi, sauran ta kwana ta lalace a juye a shara. Ran da aka kakkaɓe buhu, ango ya koma awo da kwano, ran nan ne "sahibata" ke komawa "ke wai ina man da na sayo shekaranjiya?" A littattafanmu na soyayya jaruma kan faɗa gidan Alhaji ne a Nasarawa, firij cike, ga kuku ga direba. Allah ya ba mu irinsa, amma yawancinmu malamin makaranta ko ɗan kasuwa mai ƙaramin shago za mu aura, kuma aure da yawa rigimar cefane ce ke fara girgiza shi tun kafin a yi maganar kishiya.

Ga shi kuma zamani ya sauya. Iyayenmu suna ba da labarin matsin da aka shiga lokacin SAP a 1986, mu kuma namu idon ya ga na 2023, sa'ad da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi bayansa. Abin da ya rufa wa gidaje da yawa asiri a irin waɗannan lokuta dabara ce tsohuwa wadda kakanninmu ba su taɓa saki ba, wato ki sayi abu lokacin da ya yi yawa a kasuwa, ki adana shi zuwa lokacin da zai yi wuya.

Mu ɗauki tumatir, tunda shi ya fi sa uwargida kuka. Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da na noman rani ya nuna a Kadawa da Kura da Garun Malam, tumatir har rasa masu saye yake yi, kwanduna jibge a Kwanar Gafan da 'Yankaba. Da damina ta kawo kai kuwa, wajen Mayu zuwa Yuli, sai ya zama ɗan sarki. A 2016 wata tsutsa ta faɗa wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina har miya ta gagari mutane, a tsakiyar 2024 ma an yi tsadar da wasu suka koma haɗa miya da karas. Wadda ta yi kauɗa tun da rani ba ta ji a jikinta sosai ba. Yin ta kuma ba wuya, ki roƙi maigida ya sayo kwando guda, ko ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba. Ki wanke, ki fid da duk wanda ya fashe ko ya fara ruɓewa ki yi miyar ranar da shi, sauran ki yanka gida biyu, manyan gida huɗu, ki shanya cikinsu na kallon sama a kan tabarma ko faranti mai tsabta. Ki ɗora a kan wani abu mai tudu, kar a ƙasa, ki lulluɓa tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Yawancin masu cewa ba sa son miyar kauɗa ta kasuwa suka ci, wadda aka shanya a bakin titi ta kwashi yashi. Taki ta gida in ta bushe ƙayau ki zuba a bokiti mai murfi, ran da za ki yi miya ki jiƙa da ruwan zafi, ki wanke, ki haɗa da albasa mai yawa da ɗan tattasai a markaɗa. Wallahi sai kin faɗa wa maigida sannan zai sani.

Haka za ki yi da tattasai da attaruhu. Kuɓewa kuma da damina take araha, sai ki yayyanka ki busar. Zogale da karkashi su a inuwa ake shanya su, rana tana kashe masu launi.

Hatsi shi lokacinsa kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da sabon gero da masara da wake ke shigowa Dawanau da kasuwannin ƙauye. Sai dai a nan zan ja kunne, na ci nake nufi, daidai bakin gidanki na wata biyar ko shida. A 2025 farashin hatsi ya sauko har waɗanda suka cika sito don su sayar da tsada suka tafka asara, kin ga ke nan ba kullum lissafin ɗan kasuwa ke fita ba. Naki ribar ita ce ranar da albashi ya makara ko kasuwa ta yi wa maigida tsiya, tukunyarki ba za ta kwana a kife ba.

Wake ne mai rigima wajen ajiya, don ƙwaro ba ya ɗaga masa ƙafa. Don Allah 'yar uwa kar ki yarda wata ta ce ki yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper, guba ce, kuma wanki ba ya fid da ita duka. Saboda irin wannan maganin ne ma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015, to abin da Bature ya ƙi ci ke za ki ba 'ya'yanki? Ki shanya waken ya bushe sosai, ki samu jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko kananzir a ciki ba, ki cika ta har wuya kina girgizawa, ki sa leda a bakin ki ɗaure murfin tamau. Ƙwaro shi ma numfashi yake yi, in iskar ciki ta ƙare sai ya mutu da ƙwansa. Sharaɗin kawai kar ki dinga buɗewa kullum, ki ware na cin wata guda a wata roba daban. In waken da yawa ne, akwai buhun da ake kira PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, shi ma da toshe iska yake aiki, ana samunsa wajen masu sayar da kayan noma. Buhunan hatsi kuma ki ɗora su a kan katako, kar su taɓa ƙasa ko bango saboda danshi. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna kuwa a zubar, kar a ce tattali, dafin da ke cikinta hanta yake lalatawa.

Bayan ajiya sai abin da hannunki zai iya yi maki. Gyaɗa kwano biyu in kika soya sama-sama, kika murje, kika kai inji, za ki matse mai mai ƙamshi wanda kin san ba a gauraya shi da komai ba, tunkuzar ki yi ƙuli-ƙuli, ga na kwaɗon zogale ga na yaji ga na yara. Waken suya kwano ɗaya zai ba ki awarar da za ta ƙosar da gida, kuma tana gina jiki a ranar da nama ya yi tsada. Baƙi in sun zo, zoɓo mai citta da kanumfari ko kunun aya mai sanyi ya fi lemon kwalba mutunci a wurina, ga sauƙin kuɗi. Ragowar tuwo ɗumame ne da safe, ƙanzon tukunya a busar a ajiye, ranar marmari a yi kwaɗonsa. Wai yanzu har wata yarinya za ta yatsina fuska ta ce ita ba ta cin ɗumame, alhali da shi aka raini uwarta da ubanta!

Makamashi ma yana cin kuɗi a ɓoye. Jiƙa wake kafin ɗorawa, rufe tukunya, da haɗa duk kayan girki a gabanki kafin ki kunna gas, duk suna rage ƙonewar banza. In kin koma gawayi, ki yi girkinki a tsakar gida ko inda iska ke shiga, kuma ko sanyin hunturu ya kai yaya kar ki kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa cikin barci.

Duk wannan ba zai tafi daidai ba sai da tsari. Ki samu littafi mai fallen 40 irin na 'yan makaranta, ki rubuta abin da aka kawo da ranar da aka kawo shi da ranar da ya ƙare. Wata biyu kawai za ki yi ki san kwano nawa na shinkafa gidanki ke ci, kwalbar mai kwana nawa take yi. Ki tsayar da gwangwani guda na awo, kar yau ki auna da kofi gobe da ido. Robobin sitonki ki manna masu suna, sabon kaya ya koma baya, tsoho ya dawo gaba a fara cinye shi. Ran Juma'a da yamma ko ran Asabar ki zauna ki tsara abincin mako, yadda maigida zai yi cefane sau ɗaya, maimakon aiken almajiri kanti sau biyar a yini, maggi na ɗari, gishiri na hamsin, canjin ma ba ya dawowa.

Sai dai fa a bambance tattali da rowa, a kuma bambance shi da ƙwange. Wadda ke hana yara ƙoshi ko ta ɓoye abinci don 'yan uwan miji sun zo, wannan rowa take yi. Wadda kuma ke yanke kuɗin cefane a ɓoye don ta zuba adashe ta yi ankon biki, ran da asiri ya tonu amanar da ta zube ta fi atamfar tsada. Ciyarwa haƙƙi ne a kan miji, babu mai sauke masa shi. Ki nuna masa littafin naki ya ga rarar da kika yi, ku yi shawara, ko ya bar maki ita halak malak ki ja jari, ko a jefa a asusu don sayen kaka mai zuwa. Namiji in ya ga lissafi a rubuce bakinsa mutuwa yake yi.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ba sai kun shiga ɗaki za ku fara ba. Hutun nan da ke tafe ki ce wa Umma ta bar maki sitonta na wata guda, ke za ki auna, ke za ki rubuta, ki kuma zauna kusa da ita ran da za ta yi ƙuli ko daddawa ko garin kunu. Wadda ta gwada ta rubuto mana ta faɗi kwano nawa gidansu ya ci a watan. A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu zan kawo maku yadda ake haɗa sabulun ruwa na wanke-wanke da turaren wuta a gida.