Ruwan damina ba na shiga ba ne

Masu nutso a teku, waɗanda ke goya tukunyar iska su nitse don kallon kifaye da murjani, ba sa yanka tikitin jirgi sai sun san lokacin damina a inda za su. A Zanzibar suna kauce wa Afrilu da Mayu, watannin mamakon ruwa, saboda iska da laka sukan dagula tekun har mutum ya kasa ganin abin da ke gabansa. Mu a arewacin Kano ba mu da teku, amma ruwan da ake shiga yana da yawa: madatsar Tomas a wajen Ɗambatta, ta Watari a Bagwai, ta Gari a Kunchi, ta Wasai a Minjibir, ga kuma kududdufai a bakin kusan kowane gari. Abin da baƙin Zanzibar ke lura da shi ya fi shafar mu, domin su kuɗin tafiya kawai za su yi asara, mu kuwa 'ya'ya muke binnewa.

Ranar da ruwa ya fi kyan gani, ranar ce ya fi haɗari. A watan Agusta, da marka ta kankama, kududdufi kan cika ya batse. Yawancinsu ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, gefensu a tsaye yake, ba gangara. A ƙasar Dawakin Tofa ko Bichi, inda gona ke manne da gona, ramin yana dab da gidaje, kuma yaron da ya saba tsallaka shi da rani bai san cewa taku biyu daga baki zurfin ya wuce tsayin babansa ba. Ruwan ja ne wur saboda laka, don haka ko gwanin nutso ya zo ceto, lalube zai yi da hannu.

Masunta sun daɗe da sanin wannan. Ba a yin su sai ruwa ya ja baya ya kwanta. Bikin Argungu, da aka fara a 1934, ana yin sa ne wajen Fabrairu ko Maris a kogin Matan Fada, kuma har gasar nutso ake yi a cikinsa. Lokacin sanyin hunturu ya fara sauƙi, igiyar ruwa ta mutu, Sarkin Ruwa kuma ya ba da izini.

Za a ce ai ajali ba ya duba wata, kuma jirgin da ya kife a Watari ranar 30 ga Nuwamban 2021, ya hallaka mutum fiye da 20, yawancinsu ɗaliban Islamiyya daga Badau, ba da damina ya kife ba. Gaskiya ne, sai dai lodi ne ya yi wa jirgin yawa, wannan kuwa wata matsala ce daban mai nata maganin. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsargiya, wato fitsarin jini. Da bazara, zafi kan kora yara cikin ɗan ruwan da ya rage, inda dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar cutar ya taru, kuma da tsakar rana ƙwayoyin suka fi fitowa su huda fata. Ke nan ruwan rani ma ba lafiya lau yake ba. Amma fitsarin jini yana da magani, praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu, kuma ana rage kamuwa idan an hana yara wankan tsakar rana. Wanda ya nutse kuwa, mintuna kaɗan ƙwaƙwalwarsa ke jure rashin iska.

Shi ya sa ya kamata dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela tun ruwan farko, limamai su nanata a huɗuba, cewa daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba ba a shiga kududdufi, kamar yadda ake shelar ɗaure dabbobi idan shuka ta tsiro.