Turmi da Rumbu: Yadda Ake Zaɓen Ƙwaƙwalwar Aiki da Ma'ajiyar Kwamfutar Tafi-da-gidanka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga shagon sayar da na'ura mai ƙwaƙwalwa, ko a titin Beirut na birnin Kano ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, zai tarar ana tallar kowace kwamfutar tafi-da-gidanka da lambobi biyu, alal misali 8GB/256GB, ko kuwa 4GB/500GB. Sau da yawa ɗalibi ko malamin da ya daɗe yana tara kuɗi yakan dubi lambar da ta fi girma, ya ɗauka cewa mai 500 ta fi mai 256. Bayan 'yan makonni sai ya ga kwamfutar tana jan ƙafa, tana sandarewa a tsakiyar aiki, alhali kuɗi sun riga sun tafi. Abin da ke jawo wannan kuskure shi ne, lambobin nan biyu ma'auninsu ɗaya, amma abubuwan da suke aunawa daban ne. Ta farko tana nuna girman ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake rubutawa RAM. Ta biyu kuwa tana nuna girman ma'ajiya, wato inda ake adana fayiloli. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana bambancinsu, da kuma yadda mai saye zai san iyakar abin da yake bukata daga kowacce.

Ma'aunin bayanai

Kwamfuta ba ta san haruffa ko hotuna ba, abin da ta sani shi ne 0 da 1. Kowane guda daga cikin waɗannan ana kiran sa bit, sa'an nan bit 8 su ne bait 1. A tsarin rubutun da aka fi amfani da shi a intanet, harafin a yana cin bait 1, amma haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, kowannensu yana cin bait 2. Bait 1,000 su ne kilobait 1, bait miliyan 1 megabait 1, bait biliyan 1 kuwa gigabait 1, wanda ake taƙaitawa GB. Gigabait 1,000 su ne terabait 1.

Domin a gane girman gigabait, a ɗauki littafi mai haruffa 500,000 wanda babu hoto a cikinsa. Irin wannan littafi bai wuce rabin megabait ba, saboda haka gigabait 1 zai ɗauki kusan littattafai 2,000 irinsa. Ke nan rubutu ba ya cika ma'ajiya. Hotuna da sauti da manhajoji, musamman kuma bidiyo, su ne masu cinye wuri.

Turmi da rumbu

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar al'amarin ita ce a dubi yadda ake sarrafa hatsi a gida. Rumbu yana ɗaukar damma masu yawa, yana kuma riƙe su shekara guda ko fiye, amma ba a daka a cikinsa. Idan za a yi tuwo, sai a ɗebo hatsi a zuba a turmi, mai daka kuwa ba ta iya dakan abin da ya wuce cikin turminta a lokaci guda. A cikin kwamfuta, ma'ajiya ita ce rumbu, ƙwaƙwalwar aiki ita ce turmi, mai daka kuwa ita ce masarrafa, wato ɗan guntun silikon ɗin da ke yin lissafi, wanda masu gyara ke kira furosesa. Duk manhajar da aka buɗe, da duk fayil ɗin da ake aiki a kansa, sai an kwafo shi daga ma'ajiya zuwa ƙwaƙwalwar aiki kafin masarrafa ta taɓa shi. Daga nan za a gane cewa faɗaɗa rumbu ba ya ƙara saurin daka.

Sai dai wannan misali yana da iyaka a wurare biyu. Na farko, abin da aka ɗauko daga ma'ajiya kwafinsa ne kawai, asalin yana nan bai ragu ba. Na biyu, ƙwaƙwalwar aiki ba ta riƙe komai sai da wutar lantarki. Da zarar wuta ta yanke, duk abin da ke cikinta ya ɓace. Wannan shi ya sa ɗalibin da ke buga aikinsa a kwamfutar da batirinta ya mutu yakan rasa shafukan da bai adana ba idan aka ɗauke wuta.

Dalilin wannan mantuwa yana cikin ƙirar na'urar. Robert Dennard na kamfanin IBM a Amurka shi ne ya ƙirƙiro irin ƙwaƙwalwar da ake amfani da ita a yau, ya kuma sami takardar mallakar fasaharta a 1968. A tsarinsa, kowane bit yana zaune ne a cikin wani ɗan ƙaramin ma'ajin caji mai suna kafasita, tare da tiransista guda mai tsaron ƙofarsa. Cajin yana yoyo kamar ruwa a tulun da ya tsage, don haka dole na'urar ta dinga sabunta shi sau 15 ko fiye a kowace daƙiƙa. Idan babu wuta, babu sabuntawa.

Ma'ajiya iri biyu

Tsohuwar ma'ajiya ita ce faifai mai juyawa, wanda ake rubutawa HDD. IBM ne ya fito da na farko a 1956, mai faya-fayai 50 da faɗin kowannensu ya kai inci 24, amma duk da wannan girma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Na cikin kwamfutar tafi-da-gidanka ƙarami ne, galibi yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, wani ɗan hannu kuma yana kai da komo a kansa yana karanta bayanan da aka rubuta da maganaɗisu. Sabuwar ma'ajiya kuwa ita ce SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta. Tushenta fasahar filash ce da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980, wadda ke tsare caji ko da babu wuta.

Bambancin saurinsu ba ƙarami ba ne. Ƙwaƙwalwar aiki takan amsa kiran masarrafa cikin kusan kashi 1 cikin miliyan 10 na daƙiƙa, SSD cikin kusan kashi 1 cikin 10,000, faifai mai juyawa kuwa cikin kusan kashi 1 cikin 100. Idan aka ƙaddara cewa ɗauko abu daga ƙwaƙwalwar aiki yana cin daƙiƙa 1, to ɗauko shi daga SSD zai ci minti 17, daga faifai mai juyawa kuwa zai ci fiye da kwana guda. Saboda haka, a misalin da aka kawo a farko, mai 8GB/256GB, idan ma'ajiyarta SSD ce, ta yi wa mai 4GB/500GB da faifai mai juyawa fintinƙau.

Idan turmi ya cika

Lokacin da manhajojin da aka buɗe suka fi ƙarfin ƙwaƙwalwar aiki, kwamfuta ba ta tsayawa nan take. Takan kwashe wani ɓangare na abin da ba a taɓa ba kwanan nan ta ajiye shi a ma'ajiya, ta dawo da shi idan an neme shi. An fara wannan dabara ne a kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester a Ingila, wadda ta fara aiki a 1962. Dabara ce mai amfani, amma idan ƙarancin ya yi yawa, sai masarrafa ta ɓata mafi yawan lokacinta tana jiran kai da kawo tsakanin turmi da rumbu. Wannan shi ne sandarewar da mai kwamfuta ke gani idan ya buɗe shafukan intanet da yawa tare da manhajar rubutu da bidiyo. Haka kuma, a yawancin kwamfutoci masu sauƙin kuɗi, sashen da ke zana hoto a fuskar kwamfuta yana cin nasa rabon daga wannan ƙwaƙwalwa, don haka abin da ya rage wa mai aiki bai kai abin da aka rubuta ba.

Nawa ne ya wadatar?

Bukata tana ƙaruwa da zamani. Kwamfutar IBM ta 1981 ta fito da ƙwaƙwalwar kilobait 16 kacal a ƙaramin samfurinta. Babbar manhajar Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, mafi ƙarancin abin da take karɓa shi ne gigabait 4 na ƙwaƙwalwar aiki da gigabait 64 na ma'ajiya. Amma wannan iyakar abin da zai sa ta tashi ne kawai, domin ita kanta takan cinye mafi yawan gigabait 4 ɗin. A 2024 kamfanin Microsoft ya sanya gigabait 16 da ma'ajiyar gigabait 256 a matsayin mafi ƙarancin abin da sababbin kwamfutocinsa na Copilot+ za su ɗauka, a watan Oktoba na wannan shekara kuma Apple ya ɗaga ƙaramar MacBook Air daga gigabait 8 zuwa 16.

Bisa wannan, ɗalibin sakandare da aikinsa bai wuce rubutu da bincike a intanet da kallon darussa da atisayen jarrabawar JAMB ba, gigabait 8 sun ishe shi. Malamin da ke haɗa sakamakon ɗalibai, yana buɗe fayiloli da yawa a lokaci guda, da ɗalibin da ke shirin karanta injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta, gigabait 16 sun fi dacewa da su. Gigabait 32 kuwa na masu tace bidiyo ne da masu manyan zane-zanen gini. Ƙwaƙwalwar da ta wuce bukata ba ta ƙara sauri, kamar yadda ƙaton turmi ba ya amfanar mai dakan mudu ɗaya.

Ta fuskar ma'ajiya, SSD mai gigabait 256 ita ce mafi ƙarancin abin da ya kamata a saya, mai 512 kuwa ta fi kwanciyar hankali, musamman ga wanda tsadar data ke sa shi sauke darussan bidiyo ya adana. Wajibi ne a tuna cewa Windows kaɗai tana cin sama da gigabait 20. Bugu da ƙari, masu ƙera ma'ajiya suna ƙirga da 1,000, Windows kuwa da 1,024, shi ya sa mai 256 ke nuna 238, mai 512 ke nuna 476, mai terabait 1 kuma ke nuna 931. Wannan ba ha'inci ba ne, bambancin lissafi ne.

Abin da ba ya gyaruwa daga baya

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wanne ne za a iya ƙarawa nan gaba? Wanda ma'ajiyarsa ta cika yana iya sayen ma'ajiyar waje ko filash ya jona. Ƙwaƙwalwar aiki kuwa ba a jona ta daga waje. A wasu kwamfutocin tana zuwa ne a kan ɗan siririn allo da ake sakawa a gurbi, ana iya cire shi a sa wanda ya fi shi. A wasu kuwa, musamman sirara, an liƙe ta da dalma, ba ta cirewa har abada. Kwamfutocin Apple masu masarrafar M1, wadda ta fito a 2020, da waɗanda suka biyo bayanta suna cikin wannan rukuni. Haka nan ƙwaƙwalwar tana da zuriya, wato DDR3 da DDR4 da DDR5, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Akwai kuma ƙananan kwamfutoci masu araha da ke zuwa da wata ma'ajiya mai suna eMMC ta gigabait 32 ko 64, ita ma a liƙe, wadda takan cika tun kafin a gama saka manhajoji. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Saboda haka, idan kuɗi sun yi kaɗan kuma ƙwaƙwalwar a liƙe take, gara a rage girman ma'ajiya a ƙara na ƙwaƙwalwar aiki.

Ga mai sayen ta hannu

Yawancin ɗalibai kwamfutar da aka yi amfani da ita suke saye, don haka bai kamata a dogara da takardar da aka manna mata ba. Mai saye ya kunna ta, ya danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, ya shiga sashen da aka rubuta Performance. A nan zai ga ainihin girman ƙwaƙwalwar aiki, da yawan gurabenta, da kuma ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD. Ya kuma bincika zuriyar masarrafar, domin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa, in ban da 'yan kaɗan, ba ta amincewa da masarrafar Intel da ta girmi zuriya ta 8. Wanda kuma yake da tsohuwar kwamfuta mai faifai mai juyawa, sauya shi da SSD yakan farfaɗo da ita da kuɗin da bai kai na sabuwa ba ko kusa.

Kammalawa

A taƙaice, ƙwaƙwalwar aiki ita ke ƙayyade yawan aikin da kwamfuta za ta riƙe a lokaci guda, girman ma'ajiya yana ƙayyade yawan abin da za ta adana, nau'in ma'ajiyar kuma yana ƙayyade saurin ɗaukowa. Kafin biyan kuɗi, mai saye ya nemi amsar tambayoyi uku: gigabait nawa ne ƙwaƙwalwar aiki, ana iya ƙara ta ko a liƙe take, sa'an nan ma'ajiyar SSD ce ko faifai mai juyawa. Daga ƙarshe, kowace irin ma'ajiya tana iya lalacewa ba tare da sanarwa ba, don haka ya kyautu ɗalibi da malami su dinga ajiye kwafin muhimman ayyukansu a wani wuri daban, domin rigakafi ya fi magani.