HAYWARD: GARIN DA GATARI YA KAFA

A arewacin Jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka akwai wani ɗan gari a bakin tafki mai suna Hayward, wanda mutanensa ba su wuce 2,500 da 'yan kai ba. Ya samo sunansa ne daga Anthony Hayward, wani attajirin katako da ya zo ya kafa injin tsaga itace a gaɓar kogin Namekagon wajen 1882.

A wancan zamani masu sara sukan shafe lokacin sanyi cikin daji suna kayar da dogayen itatuwa. Da ƙanƙara ta narke sai a tura gumagumai cikin kogi, ruwa ya kai su bakin injin. Ba a yi shekara 50 ba aka ga bayan manyan itatuwan, aiki ya tsaya.

Baƙi masu zuwa shan iska su suka ceci garin. Tun 1960 ake yin gasar duniya ta masu sara a gurbin ruwan da a dā ake tara gumagumai, inda za ka ga mutum biyu tsaye kan gungume ɗaya suna juya shi da ƙafa har ɗaya ya faɗa ruwa. An kuma fara tseren sulɓi kan dusar ƙanƙara a 1973, mai nisan kilomita 50.

Amma tafkin Chippewa da masu kamun kifi ke ƙauna, madatsar ruwa ta 1923 ce ta haife shi. Ruwanta ya cinye ƙauyen 'yan ƙabilar Ojibwe, da fadamunsu na shinkafar daji, har da kaburburan kakanninsu.