Ƙaramar Kwamfuta Marar Fanka Da Ke Riƙe Waƙoƙin Gida

A watan Janairun 2022 mawaƙin nan ɗan asalin Kanada, Neil Young, ya buƙaci a kwashe waƙoƙinsa daga Spotify, saboda wani shiri na Joe Rogan da ya ce yana yaɗa ƙarya a kan rigakafin korona. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe su. Masu biyan kuɗin wata suka wayi gari waƙoƙinsa da suka tara sun ɓace, ba su kuma dawo ba sai a watan Maris na 2024. Kafin nan, a ƙarshen 2020, kamfanin Google ya rufe Google Play Music baki ɗaya. Mai sauraron waƙa ta irin waɗannan kafofi haya yake yi, kuma mai gida na iya tashinsa ko yaushe.

Wannan na cikin dalilan da suka sa wasu masu son waƙa suka koma ajiye kayansu a gida. Sukan sami wata 'yar ƙaramar kwamfuta, su zuba mata duk waƙoƙin da suka mallaka, su jona ta da na'urar wifi ta gidan, su bar ta a kunne dare da rana. Ba ta da allo, ba ta da madannai. Duk mai waya a gidan sai ya buɗe manhaja, ya zaɓi abin da yake so, ya ji ta wayarsa ko ta manyan lasifikokin falo. Tunda saƙon bai fita daga gidan ba, ba a cin data ko kaɗan.

Na'urar da ta fi yin suna a wannan aiki ita ce Raspberry Pi. Eben Upton da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila ne suka ƙirƙiro ta domin yara su koyi sarrafa kwamfuta, aka fara sayar da ita a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35. Faɗinta kusan na katin banki ne. Ba a jima ba manya suka yi mata rubdugu, suna amfani da ita wajen ayyukan da masu ƙirarta ba su yi tsammani ba. Akwai kuma ƙananan kwamfutocin ofis irin su Dell Wyse 5070 da HP t620, waɗanda dama ba su da fanka, ana kuwa samun na hannu da araha bayan kamfanoni sun sauya kaya.

Me ya sa ake gudun fanka? Abu na farko ƙara. Kwamfutar tebur tana huci a hankali, kuma da rana ba mai lura, amma da tsakar dare, idan an rage sauti ana sauraron kukuma ko karatun Alƙur'ani, hucin nan yana shiga kunne. Na biyu, fanka tana juyawa, abin da ke juyawa kuwa yana cinyewa. Na uku shi ne wanda mutanen Kano da Damagaram suka fi kowa sani: fanka tana zuƙo iska, iskar hunturu kuma tafe take da ƙura. Duk mai gyaran kwamfuta da ya taɓa buɗe wadda ta ci hunturu biyu ya ga yadda ƙura ke daskarewa a cikinta har ta toshe hanyar iska. Kwamfutar da aka rufe ruf a cikin gidan alminiyam ba ta zuƙo komai.

Ana iya rabuwa da fanka ne saboda kunna waƙa aiki ne mai sauƙi ga kwamfuta. Sautin faifan CD ana auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, wanda ke ba da kimanin megabayit 10 a minti ɗaya. Ko wayar da aka daina yayi tana iya ɗaukar wannan. Saboda haka Raspberry Pi 4, wadda ta fito a 2019, wutar da take ja tana zaune ba ta wuce wat 3 ba, idan kuma aiki ya yi mata yawa ta kai wat 6 ko 7. In aka ƙaddara tana jan wat 5 dare da rana, a shekara ba ta kai yunit 44 na mita ba. Kwamfutar tebur mai jan wat 100, in aka bar ta haka, yunit 876 za ta ci. Ƙaramin batir da farantin sola guda sun ishi ƙaramar.

Ƙarancin wuta shi ne ƙarancin zafi, amma zafin yana nan, dole ya sami mafita. Ana manna ƙwaƙwalwar na'urar da jikin gidan alminiyam mai tsage-tsage, ƙarfen ya janye zafin ya watsa shi cikin iskar ɗaki. Shi ya sa gidan yakan yi ɗumi in an taɓa, kuma alama ce ta cewa yana aikinsa. Idan ƙwaƙwalwar Raspberry Pi ta kai digiri 80 a ma'aunin Salsiyas, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A ƙasashen Turai da wuya mai kunna waƙa ya kusanci wannan mataki. A Sakkwato kuwa, a watan Afrilu, inda zafin gari kan haura digiri 40, wanda ya cusa ta cikin durowa ko ya ɗora ta a kan amfilifaya mai zafi ya rage mata sarari sosai. Buɗaɗɗen wuri mai inuwa take so. Sabuwar Raspberry Pi 5 ta 2023 ta fi ƙarfi, amma ta fi zafi, har masu ita suna sayar mata da 'yar fanka. Ga wannan aikin tsohuwar ta fi dacewa.

Manhajojin kusan duk kyauta ne. Volumio da moOde ana zuba su ne a katin memori, a soka, a kunna, na'urar ta zama rediyon da ake juyawa daga waya. Navidrome da Jellyfin suna ba wa gidan wani abu mai kama da Spotify, kowa da jerin waƙoƙinsa. Tsohon hannu a fagen shi ne wanda aka daɗe da sani da Logitech Media Server, yanzu kuma Lyrion, wanda ke iya kunna waƙa ɗaya a ɗakuna da yawa a lokaci guda ba tare da wani ya riga wani ba.

Sai batun sauti. Ramin lasifika da ke jikin Raspberry Pi 4 ba abin yabo ba ne, a ta biyar ma an cire shi. Ana ƙara wata 'yar na'ura da ake kira DAC, mai mayar da lambobin kwamfuta su zama sauti, ko dai ta USB ko kuma allon da ake ɗorawa a kanta, irin wanda kamfanin HiFiBerry ke yi. A nan ne 'yan kasuwa ke yi wa masu kuɗi wayo, da wayoyin haɗi masu ɗan karen tsada da ake cewa suna tace sauti. Kuɗin da aka zuba a kan lasifika mai kyau shi kunne ke ji.

Masu tsananin son ingancin sauti suna ajiye waƙa a tsarin FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001. Yana matse fayil ya koma kusan rabi ba tare da zubar da komai ba, saɓanin MP3 da ke yar da wani ɓangare na sautin don ya ƙara ƙanƙanta. Ma'ajin terabayit ɗaya yana ɗaukar faifan CD wajen 3,000 a wannan tsari.

Ga mai sauraron Hausa amfanin ya wuce tsimin data. Spotify bai iso Nijeriya ba sai a watan Fabrairun 2021, kuma da yawa daga abin da Bahaushe ke ƙauna bai taɓa hawa can ba. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Musa Ɗanƙwairo da Barmani Choge da Ɗanmaraya Jos, da tafsiran azumi na shekarun baya, da yawansu suna kan kaset ne, ko suna yawo daga katin memori zuwa katin memori a hannun masu turi a kasuwa. Kaset yana lalacewa a ajiye, zafi kuma yana gaggauta lalacewar. Mai akwatin kaset na iya jona rakoda da kwamfuta, ya naɗi sautin da manhajar Audacity, ya zuba a ma'ajin waƙoƙinsa.

A nan ainihin wahalar take. Haɗa na'urar aikin yini ɗaya ne, jera waƙoƙin kuwa na watanni. Manhajar ba ta jin waƙa. Bayanan da aka rubuta a cikin fayil take karantawa, wato sunan mawaƙi da sunan waƙa da shekara. Waƙoƙin Turawa suna da sauƙi, domin manhajar MusicBrainz Picard na iya gano yawancinsu ya cike bayanan da kansa. Fayil ɗin da aka turo daga kasuwa mai ɗauke da lamba kawai a matsayin suna, sai mutum ya saurara ya rubuta da hannu. Idan an rubuta Shata a wani wuri, Alhaji Mamman Shata a wani, Dr. Shata Katsina a wani, manhajar za ta ɗauka mawaƙa uku ne. Haka ƙ da k, ko ɗ da d: wanda ya rubuta Ɗanƙwairo yau, Dankwairo gobe, ya raba waƙoƙin mutum ɗaya gida biyu.

Ɗauke wuta ma abin tsoro ne. Raspberry Pi daga katin memori take tashi, kuma idan wuta ta yanke tana cikin rubutu a kansa, katin na iya rikicewa ta ƙi tashi. Maganin shi ne a jona ta da inbata ko ƙaramin batir, a kuma ajiye waƙoƙin a ma'ajin SSD daban, ta yadda ko katin ya lalace sabo kawai za a saka a sake zuba manhaja. Shi ma SSD ɗin yana mutuwa, sau da yawa ba tare da gargaɗi ba. Masu wannan harka sukan kwafi komai a ma'aji na biyu duk lokacin da suka ƙara sabbin waƙoƙi, su zare shi daga wuta, su kai shi ajiya gidan wani ɗan'uwa.